Daga akwatin karo-karo zuwa tiyon ɗigo-ɗigo: Tarihin Sahyoniyanci da inda ya taɓo garaken Nijar

A hanyar da ta taso daga Birnin Ƙonni ta ratsa Malbaza zuwa Galmi, da zarar damina ta ɗauke sai hira ta koma kan ruwa. Mai albasa yana lissafin man da injin ban ruwa zai sha kafin a kai ga cira. Mai rijiya yana duba gaba nawa ruwan ya sauka daga bara. Wanda ya ga lissafin ba zai fitar da shi ba kuwa, sai ya ɗaure kaya ya bi sahun 'yan ci-rani zuwa Abidjan ko Legas ko Libiya, ya bar gona a hannun ƙanne.

Har yau yawancin masu garka a wannan yanki kwarara ruwa suke yi cikin fangali, kamar yadda suka gada. Amma wanda ya saba shiga garaken da shirye-shiryen raya karkara ke tallafa wa a Nijar ya san wani siririn baƙin tiyo da ake shimfiɗawa a gindin shuka, yana sakin ruwa ɗigo-ɗigo. Masu jin Faransanci gut-a-gut suke ce masa.

Ƙasashe da yawa na ƙera irin wannan tiyo yanzu. Sai dai kamfanin da ya fi kowanne yaɗa shi a duniya, Netafim, an kafa shi ne a 1965 a wani ƙauye mai suna Hatzerim, cikin hamadar Naƙab a kudancin Isra'ila ta yau. Shi kansa ƙauyen a dare ɗaya aka kafa shi, da kuɗin da aka tattaro daga gidajen Yahudawa a ƙasashe daban-daban. Wanda ya bi tiyon nan baya-baya zai kai ga tarihin Sahyoniyanci, wato fafutukar kafa wa Yahudawa ƙasa, wadda ta gina asibiti da makaranta da asusun jinya tun ba ta da gwamnati, kuma da wannan aikin gayyar ne aka raba wasu mutane da gonakin kakanninsu.

Nijar ba ta da hulɗar jakadanci da Isra'ila tun 2002, kuma yaƙin Gaza ya sa kalmar ta zama abin jifa tsakanin matasa a Facebook da TikTok. Ba duk mai furta ta ne ya san inda ta samo asali ba.

Kalmar da asalinta

Sunan ya fito ne daga Sihiyona, wani tudu a birnin Ƙudus. Wani marubuci a Vienna, Nathan Birnbaum, shi ya ƙirƙiro kalmar a 1890. Addinin Yahudanci ya girme ta da shekaru dubbai, kuma mutanen Sahara sun san Yahudawa tun kafin a yi mafarkinta. Akwai fatakensu a Tuwat, a kudancin Aljeriya ta yau, kuma Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, shi ya jagoranci rushe wurin ibadarsu a Tamantit wajen 1492. Waɗancan fatake ba abin da ya haɗa su da wata ƙungiyar siyasa da za a haifa a Turai bayan shekara 400.

Abin da ya haifi ƙungiyar tsoro ne. A 1881 aka kashe sarkin Rasha, Alexander na Biyu, sai aka shiga far wa unguwannin Yahudawa a kudancin daular, ana kisa ana wawashe dukiya. Daga lokacin zuwa 1924, Yahudawa kimanin miliyan biyu suka bar Gabashin Turai zuwa Amurka. 'Yan kaɗan ne suka nufi Falasɗinu, wadda a lokacin ke ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkawa, ba tamu ta Sakkwato ba. Ƙauyukan farko da suka kafa, irin su Rishon LeZion a 1882, da sun watse ba don attajirin Faransa Edmond de Rothschild ya ɗauki nauyinsu ba.

Wanda ya mayar da abin siyasa ɗan jarida ne, Theodor Herzl, wakilin wata jaridar Vienna a Paris. A 1896 ya fitar da wani ɗan littafi yana cewa ƙiyayyar da ake wa Yahudawa a Turai ba za ta gushe ba, don haka sai sun sami ƙasa tasu. A ƙarshen Agustan 1897 ya tara wakilai kimanin 200 a birnin Basel na Suwizalan. Da a Munich aka so yin taron, amma malaman Yahudawan Jamus da shugabannin al'ummar garin suka ƙi. Yawancin Yahudawan wancan zamani ba sa tare da shi. Masu riƙo da addini na ganin komawa Ƙudus sai da izinin Ubangiji, 'yan ƙwadagon ƙungiyar Bund, wadda ita ma aka kafa a 1897, na cewa a tsaya a nemi 'yanci inda aka haife su. Har yau akwai Yahudawan da ke adawa da Sahyoniyanci, kamar yadda akwai miliyoyin Kiristocin Amurka da ke goyon bayansa.

Saura kaɗan ma abin ya faɗo Afirka. A 1903 Birtaniya ta yi wa Herzl tayin fili a tudun Uasin Gishu, cikin Kenya ta yau, ba tare da an tambayi mutanen wurin ba. Ƙungiyar ta yi watsi da tayin a 1905, shekara guda bayan mutuwar Herzl yana da shekara 44.

Akwatin da ke kan tebur

Abin da taron Basel ya bari wanda ya fi jawabai tasiri shi ne rajista da kuɗin shekara. Duk wanda ya biya ɗan abin da aka yanka, wanda suka kira shekel, ya zama ɗan ƙungiya mai ƙuri'a wajen zaɓen wakilai. Tun daga taro na biyu a 1898 mata suka sami wannan ƙuri'a, lokacin da matan Faransa da Ingila ba sa zaɓe.

A taro na biyar, a 1901, aka kafa asusun sayen ƙasa, Keren Kayemet, wanda duniya ta fi sani da JNF, bisa shawarar wani malamin lissafi, Hermann Schapira. Alamar asusun wani ɗan akwatin gwangwani ne mai launin shuɗi da fari. Ana ajiye shi a gida da aji da shago, uwar gida ta jefa kwabo ranar Juma'a da yamma kafin shigar Asabar, yaro ya jefa nasa ranar da aka yi masa kyauta. Lokaci-lokaci wakili ya zo ya buɗe, ya ƙirga, ya rubuta. An haɗa da sayar da kan sarki, da wani babban littafi da ake biya a sa sunan mutum ranar aurensa ko don tunawa da shi.

Kuɗin manyan attajirai da wasiyyoyi sun taka rawa sosai, kuma a 1920 aka ƙara wani asusun a Landan, Keren Hayesod, don ɗaukar nauyin ƙaura da gine-gine. Amma akwatin ya yi wani aiki da attajiri ba zai iya ba. Yaron da ya tashi a Warsaw ko New York yana jefa kwabo duk mako ya girma yana jin yana da kaso a wata gona da bai taɓa gani ba.

Ga ɗan Adar da ke aiko da kuɗi gida daga Abidjan, wannan ba baƙon abu ba ne. Bambancin yana ga inda kuɗin ke sauka. Nasa yakan tafi kai-tsaye ga buhun hatsi da maganin tsohuwa da kayan auren ƙanwa, kuma ba mai ganin laifinsa. Nasu yana shiga asusu ɗaya mai littafi, mai taron da ake karanta lissafi a gaban wakilai, asusun da ya rayu bayan duk waɗanda suka kafa shi sun mutu.

Gwamnati kafin gwamnati

A 1910, maza goma da mata biyu suka karɓi wani fili na asusun a bakin Tafkin Tabariya, a wurin da Larabawa ke kira Umm Juni, suka kafa Degania. Shi ne kibbutz na farko. Ba albashi, ba gonar wane, tukunya ɗaya, rumbu ɗaya. Kusan gandu ne, sai dai ba maigida, taro ke yanke shawara. A 1921 aka kafa Nahalal bisa wani tsarin da ake kira moshav, inda kowane iyali ke da gonarsa amma saye da sayarwa tare ake yi. Mazauna kibbutz ba su taɓa kai kashi 10 cikin 100 na Yahudawan ƙasar ba, amma daga cikinsu aka sami kaso mai yawa na hafsoshin soja da 'yan siyasar farko.

Asusun jinya na leburori ya fara a 1911, kowa na ba da ɗan abu daga ladansa. A Disambar 1920 aka kafa ƙungiyar ƙwadago ta Histadrut a Haifa, wadda ba ta tsaya ga neman ƙarin lada ba. Ta buɗe bankinta, ta mallaki kamfanin gine-gine na Solel Boneh, ta tsara sayar da madara da ƙwai na ƙauyuka, ta riƙe asibitoci. David Ben-Gurion, firaministan farko, a kujerar sakatarenta ya koyi mulki.

Mata kuma suka ɗauki ɓangaren lafiya. Henrietta Szold ta kafa ƙungiyar Hadassah a New York a 1912, shekarar da ta biyo suka aika ma'aikatan jinya biyu zuwa Ƙudus don kula da masu jego da masu amosanin ido. A 1921 suka fara buɗe ɗakunan auna jarirai da raba madara mai tsabta. Asibitocinsu na karɓar Larabawa, kuma har yau likitoci Larabawa da Yahudawa na aiki tare a asibitin Hadassah na Ƙudus. Szold ɗin ce daga baya ta jagoranci karɓar dubban yaran da aka fitar daga Jamus ta Hitler.

Sai harshe. Ibrananci ya daɗe yana zaman harshen addu'a da littafi, ba wanda ke cinikin kasuwa da shi. Eliezer Ben-Yehuda ya isa Ƙudus a 1881 ya dage sai an mayar da shi harshen gida, malaman makarantun ƙauye suka ɗora. A 1925 aka buɗe jami'a mai koyarwa da shi. Bahaushen da ke da harshe mai miliyoyin masu magana, amma ɗansa ke karatun digiri da Faransanci ko Turanci, yana da abin dubawa a nan.

Kafin 1948 dai kusan duk abin da gwamnati ke yi akwai mai yinsa, har da rundunar Haganah. Ranar da aka ayyana ƙasa, sunaye kawai aka sauya wa ofisoshi da yawa.

Sharaɗin da ke cikin takarda

Ƙasar da ake ta saye ba fanko ba ce, kuma shugabannin sun sani. Tun 1891 marubuci Ahad Ha'am ya ziyarci Falasɗinu ya koma ya gargaɗi 'yan'uwansa cewa da wuya a ga gonar kirki da ba a nomawa, kuma Larabawa ba za su yi shiru ba in suka ga ana ture su. Lokacin da Birtaniya ta yi alƙawarin Balfour ranar 2 ga Nuwambar 1917, Yahudawa kusan kashi ɗaya cikin goma ne na mutanen ƙasar. Ƙidayar 1922 ta nuna kimanin 84,000 cikin mutum 757,000.

Dokar asusun JNF ta ce duk filin da ya shiga hannunsa ba a sake sayar da shi har abada. Haya ake bayarwa ta shekara 49, ga Yahudawa kaɗai, kuma takardar hayar ta hana ɗaukar lebura wanda ba Bayahude ba. Wani jami'in Birtaniya, John Hope Simpson, ya yi kuka da wannan sharaɗi a rahotonsa na 1930, domin yana nufin Balaraben da aka saye gonar da yake nomawa ba zai iya komawa cikinta ba ko da a matsayin ɗan ƙwadago.

Yadda aka yi gonakin suka sayu abu ne da ya kamata manomin Adar ya saurara da kyau. A 1858 Turkawa suka kawo dokar yi wa filaye rajista. Manoma da yawa suka ƙi sa sunansu don gudun haraji da shiga soja, sai manyan birni suka rubuta nasu. Manomi ya ci gaba da noma gonar ubansa yana ba da kaso, takarda kuwa tana Beirut. A shekarun 1920 iyalan Sursock na Beirut suka sayar da fiye da hekta 20,000 a kwarin Marj Ibn Amir, aka tashi ƙauyuka wajen 20. Ciniki ne bisa doka, wasu ma an ba su ɗan abin sallama. Amma wanda ke da gado ba shi da takarda, wanda ke da takarda bai taɓa riƙe fartanya a wurin ba.

Duk da haka, zuwa 1947 abin da Yahudawa suka mallaka bai wuce kashi 7 cikin 100 na ƙasar ba. Sauran yaƙi ne ya kawo shi. Bayan tawayen Larabawa na 1936 zuwa 1939, da kisan Yahudawa miliyan shida da 'yan Nazi suka yi, waɗanda ƙasashen duniya suka rufe wa ƙofa lokacin da suke neman mafaka, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da raba ƙasar ranar 29 ga Nuwambar 1947. Yahudawa, da suka kai kashi ɗaya cikin uku na jama'a, aka ware musu fiye da rabi. Larabawa suka ƙi. A yaƙin da ya biyo, aka zubar da jinin fararen hula ta kowane ɓangare: fiye da mutum 100 a ƙauyen Deir Yassin ranar 9 ga Afrilun 1948, sai mutum 78 a ayarin motocin asibitin Hadassah bayan kwana huɗu. Falasɗinawa fiye da 700,000 suka gudu ko aka kore su, aka hana su dawowa, ƙauyuka sama da 400 suka zama kufai. Wannan ne Nakba. A shekarun da suka biyo, Yahudawan ƙasashen Larabawa kimanin 800,000 su ma suka bar gidajensu, wasu da son rai, wasu bisa tilas.

A 1949 da 1950 sabuwar gwamnati ta sayar wa JNF manyan filaye, mafi yawansu na 'yan gudun hijirar. Yau asusun na riƙe da kimanin kashi 13 cikin 100 na ƙasar Isra'ila. Yana alfahari da dasa itatuwa sama da miliyan 240, kuma gaskiya ne ya dasa daji a kan duwatsun da ba ko inuwa. Gaskiya ne kuma wasu dazuzzukan a kan kufan ƙauyuka suke, kamar wurin shaƙatawar Canada Park da ya rufe Imwas da Yalu, waɗanda aka rushe a 1967. A 2024 hukumar harajin Kanada ta soke rajistar reshen asusun na ƙasar a matsayin ƙungiyar agaji.

Dare ɗaya a Naƙab

A 1946 aka fito da wani shirin raba ƙasa da ya cire hamadar Naƙab daga kason Yahudawa. Amsar da shugabannin suka bayar ita ce, a daren 5 ga Oktoba, wayewar garin 6, motoci suka fita da matasa da katako da tankunan ruwa, kafin hantsi an kafa matsugunai 11 a filayen da asusun ya riga ya saya. Hatzerim na cikinsu. Shekara guda bayan haka, taswirar Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba su mafi yawan hamadar.

Wanda ya kai musu ruwa injiniya ne ɗan asalin Warsaw, Simcha Blass, da tsofaffin bututun da aka yi amfani da su wajen kashe gobara a Landan lokacin yaƙin duniya. Shi ne kuma ya daɗe yana tunanin wata itaciya da ya gani ta fi 'yan'uwanta girma saboda bututun da ke yoyo a gindinta. Dabarar ba da ruwa kaɗan-kaɗan tsohuwa ce, manoma sun daɗe suna binne tulu a gindin shuka. Abin da Blass ya gyara shi ne ɗan maɗigin roba da ke rage wa ruwa ƙarfi ba tare da saurin toshewa ba. Mutanen Hatzerim, waɗanda gishirin ƙasa ya kusa kora, suka ƙulla yarjejeniya da shi a 1965. A 2018 wani kamfanin ƙasar Meziko ya kammala sayen kashi 80 cikin 100 na Netafim, ƙauyen ya riƙe 20.

Makiyayan Larabawa da ke Naƙab kafin 1948 sun haura 60,000. Kimanin 11,000 suka rage bayan yaƙin. Jikokinsu na ƙauyen al-Araqib, da ba shi da nisa da Hatzerim, an rushe musu bukkoki fiye da sau 200 tun daga 2010 a rikicin mallakar fili da ake son dasa wa itatuwa. Wani daga cikin matsugunan nan 11 kuma shi ne Be'eri, inda mayaƙan Hamas suka kashe mutum kusan 100 ranar 7 ga Oktoban 2023, a harin da ya ci rayuka kimanin 1,200. Martanin Isra'ila ya kashe dubun-dubatar mutane a Gaza, zirin da yawancin mazaunansa zuriyar 'yan gudun hijirar 1948 ne.

Sardauna ya ce a'a

Da ƙasashen Afirka suka fara samun 'yanci, Isra'ila, wadda maƙwabta suka ƙaurace wa, ta zo neman abokai da abin da ta ƙware a kai. Ministar harkokin waje Golda Meir ta zagaya Afirka ta Yamma a 1958, aka kafa hukumar taimako ta Mashav, aka riƙa kai ɗalibai koyon aikin ƙungiyoyin gama kai da ƙwadago. Gwamnatocin Yamma da Gabashin Nijeriya suka kafa ƙauyukan noma bisa kwaikwayon moshav. Yawancinsu ba su yi ƙarko ba. Sun ci kuɗi, matasan da aka zuba suka riƙa sulalewa birni, domin abin da ya kasance aƙida a can ya zama aikin gwamnati a nan.

Arewa kuwa ba ta shiga ba. Da gwamnatin tarayya ta karɓi rance daga Isra'ila a 1960, gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta nesanta kanta da shi, kuma har aka kashe shi a 1966 bai sassauta ba. Nijar ta Diori Hamani ta yi hulɗa da Isra'ila har zuwa Janairun 1973 da ta yanke, wata tara kafin Nijeriya ta bi sahu. A 1975 ƙasashen biyu na cikin waɗanda suka kaɗa ƙuri'ar da ta kira Sahyoniyanci wariyar launin fata a Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙudurin da aka soke a 1991. Nijeriya ta maido da hulɗa a 1992. Nijar ta maido a 1996 zamanin Ba'are Mainasara, ta sake yankewa a Afrilun 2002 zamanin Tandja Mamadou, ana tsakiyar boren Falasɗinawa na biyu.

Abin mamaki, a daidai wannan lokaci ne wani masanin noma ɗan Isra'ila, Farfesa Dov Pasternak na jami'ar Ben-Gurion da ke Naƙab, yake zaune a Nijar. Ya zo cibiyar binciken ICRISAT da ke Sadoré, kudu da Yamai, a 2001, ya yi kusan shekara goma. Shi ya yaɗa ƙaramin tsarin ɗigo-ɗigo da ba ya buƙatar inji, tanki kawai a ɗan tudu. Shi ya yaɗa yi wa magarya aure da irin Indiya mai manyan 'ya'ya, wadda aka raɗa wa Pomme du Sahel, wato tuffar Sahel, da wani irin zogale mai saurin yabanya, shi ma daga Indiya. Ya rasu a 2018. Daga baya ma reshen Bankin Duniya mai hulɗa da 'yan kasuwa ya yi aiki da Netafim a Nijar kan ban ruwa da hasken rana.

Tiyon bai mamaye garake ba. Yana son kuɗin farko, yana son ruwa mai tsabta da tacewa, in ya toshe ko ɓera ya huda shi sai an sami mai gyara kusa. Inda ya fi ɗorewa shi ne inda manoma suka haɗu a fili ɗaya da tanki ɗaya da asusun gyara.

Abin da Illela ta koyo daga wani wurin

Yankin nan yana da nasa tarihin raya matacciyar ƙasa, kuma ba daga Naƙab ya zo ba. A 1989 wani shiri da asusun IFAD ya tallafa wa ya kai wasu manoman Illela yankin Yatenga na Burkina Faso. Suka ga yadda ake haƙa ramuka a fako, a zuba taki, ruwan sama ya taru a ciki, gara ta buɗe ƙasa. Suka dawo suka gyara tassar da suka sani. Cikin 'yan shekaru dubban hektoci a kewayen Badagishiri suka koma ba da hatsi, maƙwabci na kwaikwayon maƙwabci, har aka sami samarin da sana'arsu ke nan da rani. Shi kansa Pasternak da tassa da rabin-wata ya gina shirinsa na bai wa mata fako su raya.

Akwatin ma akwai shi. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, aka ɗora a kan adashin da mata suka saba: zubi duk mako, akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullai a hannun mata uku. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. A Ƙonni kuma, filin noman rani mai hekta sama da 2,400, wanda madatsun Mozage da Zango ke shayarwa, ya dogara ne ga ko manoma za su biya kuɗin ruwa, ko kuma shugabannin ƙungiya za su riƙe amanar abin da aka biya.

Masu binciken da suka bi sawun aikin Illela sun lura da wani abu da ba a shirya masa ba. Da aka ga fako na iya haihuwa, sai ya yi kuɗi. Aka fara saye da sayar da filin da a da ko kyauta ba mai so, farashi ya riƙa hawa, kuma masu saye galibi su ne masu abin biyan 'yan ƙwadago da sayen taki. Dokar karkara ta Nijar ta 1993 ta amince da mallakar gado, ta kuma tanadi kwamitocin filaye da ke ba da takardar shaida tun daga matakin ƙauye. A shirin da Pasternak ya tsara wa mata, kafin a sa diga a ƙasa sai an fara samun yarjejeniya a rubuce daga mai filin da hakimi ko maigari, don kada ranar da zogale ya yi kore wani ya tuna cewa wurin na kakansa ne.